Alli ko Sitiyari: Tarihin Albashi da Babbar Mota a Ƙasar Maraɗi

Sarkin Yamma ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madarunfa, ba ta da nisa da birnin Maraɗi, kuma mafi yawan mutanenta manoma ne. Kusancinta da birni da iyakar Najeriya ya sa duk wanda ya tashi a can ya san ƙarar babbar mota tun yana yaro, ya kuma ji labarin wane da wane da suka fara da karen mota suka ƙare da gidan bene. Shi ya sa malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da albashinsa ya yi jinkiri yakan tsaya ya yi lissafi: shin zama bisa aikin gwamnati ya fi, ko kuwa ya aje alli ya kama sitiyari? Tambayar ba sabuwa ba ce a wannan ƙasa. Ta sha tasowa tun zamanin mulkin mallaka, amsarta kuma ta sha juyawa gwargwadon yadda zamani ya juya.

Daga ayari zuwa mota

Tun kafin mota, tafiya mai nisa sana'a ce mai tsari a ƙasar Hausa. Fatake sukan haɗa ayari na jakuna da takarkarai, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu zuwa Gwanja, su komo da goro, tafiyar da kan ci watanni. Ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya mai shirya zango da sasantawa da sarakunan hanya game da kuɗin fito, yana da jagaba mai sanin hanya, sannan ga ɗimbin barori da ƴan dako waɗanda su ne ke shan rana da ƙaya. Ribar tafiya takan tafi ga mai kaya. Mai kora jaki kuwa ladansa ci da sutura, da fatan wata rana ubangidansa ya ba shi jari. Wannan rabon aiki bai mutu ba da zuwan mota, sutura kawai ya sake.

Abin da ya kawo babbar mota ƙasar Maraɗi shi ne gujiya, wato gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka riƙa sayen gujiyar kudancin Nijar suna fitar da ita ta Kano zuwa Legas. Da fari raƙuma da jakuna ke ɗaukar buhunan, daga baya motoci suka karɓe su. Maraɗi kanta ta sake wuri a wannan zamani: ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe tsohon gari, aka sake gina shi bisa tudu da faffaɗan tituna waɗanda mota ke iya ratsawa. A 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, dakon kaya a ka da sunan gwamnati ya kau.

A 1953 hukumar mulkin mallaka ta ɓullo da shirin da ta kira Hirondelle, wato tsattsewa, domin karkato da wani kaso na gujiyar Nijar daga hanyar Ingilishi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Jirgin ƙasan Dahome ya tsaya ne a Paraku, saboda haka sauran tafiyar ta zama ta manyan motoci: su sauka da gujiya, su hauro da siminti da gishiri da yadi da man fetur. Gadar da aka gina bisa kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanbil a 1958, da hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar da aka kafa a 1959, suka ƙarfafa wannan hanya. Daga Maraɗi zuwa Kwatano tafiyar kusan kilomita 1,400 ce, kuma a kanta aka haifi direban dogon zango irin wanda aka sani yau.

Zamanin da albashi ya yi sarauta

Duk da haka, a shekarun farko na ƴancin kai ba a haɗa darajar direba da ta ɗan boko. Waɗanda suka yi lakwal kaɗan ne ƙwarai, sabuwar gwamnati kuwa tana neman malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti ido rufe. Wanda ya fito da takarda aiki na jiransa. Mushe a ƙauye shi ke karanta wasiƙa, shi ke zama kusa da mai gari idan baƙo ya zo daga birni, ga albashi kowane ƙarshen wata, ga fansho idan ƙarfi ya ƙare. A lokacin, barin wannan domin bin mota abu ne da dangi za su taru su hana.

Gwamnati ma ta shiga harkar da kanta. Ta kafa SONARA a 1962 domin cinikin gujiya, wadda a wancan zamani ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje, ta kuma kafa kamfanin sufuri na SNTN a 1963. Direban SNTN ma'aikaci ne mai albashi da takardar aiki, wato ya haɗa sitiyari da kwanciyar hankali. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970, baitulmali ya cika, aka buɗe makarantu, aka ɗauki ma'aikata, motocin kamfani suna hawa da sauka tsakanin ma'adinai da teku.

A gefe guda kuma wani arziki yana tasowa wanda bai bi ta makaranta ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gujiya a 1975 sun karya cinikinta, amma alhazan Maraɗi sun riga sun sami wata ƙofa tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, sa'ad da arewacin Najeriya ya shiga ƙarancin kaya. Suka ƙware wajen shigo da taba sigari da atamfa da shinkafa ta Kwatano, su sauke a Maraɗi, sannan kayan su tsallaka iyaka. Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi a kan waɗannan alhazai a 1986, ya nuna cewa ƙarfinsu ya dogara ga abin da su da kansu ke kira arzikin mutane: ubangida da barorinsa, kowa da aikin da aka damƙa masa. Direba ɗaya ne daga cikin waɗannan barori. Mota ta Alhaji ce, kaya na Alhaji ne, amanar tafiya ce ta direba.

Sa'ad da ginshiƙi ya girgiza

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu. A ƙarshen shekarun 1980 ma ta fito da shirin PAIPCE, wanda ya buɗe wa ma'aikaci ƙofar barin aiki da ransa, a ba shi kuɗin sallama ya kafa sana'ar kansa. Hukuma da bakinta ta ce wa ɗan boko ya gwada kasuwa. Sai dai kasuwar da aka tura shi cikinta tana da masu ita, waɗanda suka san duwan da ɗan kamasho da makanike tun suna yara, shi kuwa ya san alƙalami ne kawai. Bankin raya ƙasa na BDRN, wanda ake sa ran zai tallafa da rance, shi kansa ya durƙushe a 1990.

Shekarun 1990 su ne suka fi gwada haƙurin ma'aikaci. Albashi ya riƙa makara watanni, yajin aiki ya yawaita, makarantu suka yi ta rasa shekarun karatu. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ke hannun ma'aikaci ya ƙara ƙanƙancewa. Malamai da yawa suka koma gona da ƙaramin ciniki domin riƙe gida. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, sannan ƴan kwantaragi, masu albashi ƙasa da na cikakken ma'aikaci kuma ba su da tabbacin fansho, har suka zama mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare, musamman na karkara. Kalmar aikin gwamnati ta rabu gida biyu: akwai mai lamba, akwai mai jiran lamba. Ga na biyun, abin da ake ce masa kada ya saki bai gama shiga hannunsa ba tukuna.

Hanya ma takan rufe

Wanda ya dubi wannan kawai zai ce mota ta yi nasara. Tarihin iyaka bai yarda da haka ba. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris 1986, rufewar kuma ta haɗu da fari, har mutanen wannan yanki suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Karyewar sefa ta 1994 da ta cuci mai albashi ta cuci mai mota ma, domin taya da kayan gyara duk daga waje suke zuwa. A watan Agusta 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka har zuwa Disamba 2020, motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Isa da Jibiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, gadar Malanbil ta rufe, kayan Nijar suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, tafiya ta ƙara tsawo da tsada da haɗari. Ranar da mota ba ta motsa ba, ba wanda ke bin direba bashin albashi. Ma'aikaci da aka riƙe wa kuɗi yana da sandika da takardar shaida, yana iya jiran biya. Direban da iyaka ta tsare sai dai ya ci guzurinsa.

Ko da hanya a buɗe take, aikin yana da matakala. Ba a fara shi daga kujerar direba. Yaro yakan yi shekaru yana karen mota: wanke mota, ɗaure tamfol, canja taya cikin rana, kwana ƙarƙashin tirela yana gadin kaya, kafin a yarda ya riƙa motsa ta cikin tasha. Takardar tuƙi ana samunta cikin watanni, amma yardar mai mota sai an daɗe tare. Mutum mai iyali da ya kai shekara talatin da biyar zai yi wannan koyo ne ƙarƙashin wanda ya girma. Idan ya zama direba, abin da ke shiga aljihunsa shi ne ɗan albashin wata da abin da ya rage daga kuɗin hanya bayan shingayen jandarma da ƴan sanda da duwan. A tashar Kwatano, yarjejeniya ta ba motocin Nijar kashi biyu cikin uku na kayan da za su hauro, amma samun lodi bin layi ne, jira kuma yakan ci makonni. Dokar UEMOA ta 2005 game da nauyin kaya ta sa wa lodin wuce kima tara, alhali da shi ne masu tsofaffin motoci ke cike giɓin riba. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi: damina takan wuce mai gida bai ga gonarsa ba, ƴaƴa su girma a hannun uwa da kakanni.

Abin da tarihin ya nuna

Daga ayarin Gwanja zuwa tirelar Kwatano, arzikin hanya ya fi zama a hannun mai kaya da mai abin hawa. Gidan benen da ake hange a Maraɗi na mai mota ne, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akwai direbobin da suka tara suka sayi tasu motar, ana girmama su domin an san wuyar da suka sha, amma galibinsu sun shiga sana'ar tun ƙuruciya, ƙarƙashin ubangidan da ya tsaya musu. Saboda haka ma'aikacin da ke wannan lissafi yana da tambayoyi uku da zai amsa wa kansa kafin ya rubuta takardar barin aiki: matsayin da zai shiga, na mai mota ne ko na bara, wane ne ubangidan da zai riƙe shi idan mota ta lalace a daji, kuma wata nawa gidansa zai iya ci idan aka rufe iyaka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji Hausawa, sai dai wajibi ne gatarin ya kasance yana sara.

A nan ne maganar ta shafi ƙungiyoyin malamai da na iyayen yara da ƙananan hukumomi. Direban da ya bar mota, kafin la'asar an sami wani a tasha. Malamin da ya bar aji a ƙauyen Sarkin Yamma yana iya barin yara sittin ko fiye ba mai koya musu har ƙarshen shekara. Duk lokacin da albashi ya zo a kan kari a tarihin ƙasar nan, mota ba ta raba malami da allo ba. Lokutan da ta yi masa kwarjini su ne waɗanda aka bar shi yana cin bashin hatsi a wurin iyayen ɗalibansa.