Idon Baƙo a Bakin Iyaka: Nazarin Yadda Wakilan Kafofin Watsa Labarai na Waje Ke Kallon Matsalar Tsaro a Arewacin Togo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda wakilan kafofin watsa labarai na ƙetare ke ba da labarin hare-haren arewacin Togo tun daga 2021. Hujjar da ta kafa ita ce, bayanin da suka fi riƙewa, wato wutar Sahel ce ke gangarowa bakin teku, gaskiya ne, sai dai ya yi wa matsalar kaɗan.

Gabatarwa

Togo ƙasa ce siririya mai mutum kimanin miliyan 8. Daga Lome zuwa Dapaong, babban garin yankin Savanes, tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Tun a 2018 gwamnati ta girke sojoji a can ƙarƙashin shirin Koundjoaré, amma hakan bai hana harin Sanloaga na Nuwamban 2021 ba. A Mayun 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpékpakandi, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ce ita ce ta kai harin. Wata guda bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin.

Abin da Wakili Ke Gani

Wakilin da ke zaune a Dakar ko Abidjan, taswira yake fara dubawa. A kanta sai ya ga Burkina Faso a sama, teku a ƙasa, Togo da Benin a tsakani, sai labarin ya zama na kibiya mai nuna kudu. Editansa ma abin da yake so ke nan, domin mai karatu a Faransa zai gane shi cikin layi biyu.

Ba duka laifin nasa ba ne. Shiga gundumar Kpendjal da ke yankin Savanes sai da izini, alƙaluma kuwa sai abin da hukuma ta ga dama ta faɗa. Sai a Afrilun 2023 Shugaba Faure Gnassingbé ya bayyana cewa an rasa farar hula kusan 100 da sojoji kusan 40. A Yunin 2025 kuma aka dakatar da RFI da France 24 na wata uku. Wanda aka hana zuwa kasuwa, dole ya sayi labarin farashi a bakin dillali.

Abin da Ke Kuɓuce Masa

Iyakar nan hanyar fatauci ce tun kafin zuwan Turawa. Ta Sansanne Mango ayarin fataken Hausa ke bi zuwa Gwanja sayen goro, sunan garin ma daga kalmar sansani ya samo asali. Hanyoyin da jakai suka bi jiya, su babura ke bi yau ɗauke da jarkokin fetur, su ne kuma ake kora shanun sata ta cikinsu. Ɗan bindiga yana buƙatar mai da babur da kasuwar da zai sayar da saniya ba tare da an tambaye shi ba. Duk rahoton da bai shiga kara ba, bai tsaya wurin mai sayar da fetur a kwalba ba, ya bar jijiyar matsalar.

Haka nan tsamin dangantaka tsakanin manoma da Fulani makiyaya, da kuskuren jami'an tsaro. A Yulin 2022 sojojin Togo sun amsa cewa harinsu ne ya kashe yara 7 a Margba bisa kuskure. A wurin kafofin waje labarin kwana biyu ne. A wurin ƙauyen kuwa shi zai yanke ko gobe za a kai wa soja rahoto ko za a yi gum.

Akwai kuma lissafin Lome kanta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Yamai da dama sun koma tashar jiragen ruwa ta Lome, suna bi ta Cinkassé su ratsa Burkina Faso. Saboda haka ƙasar da wakili ke kira tushen barazana, wato Burkina Faso, ita ce hanyar cinikin Togo, kuma a farkon 2025 ministan harkokin wajen Togo, Robert Dussey, bai kore yiwuwar shiga ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, wanda Burkina Faso da Nijar ke ciki, ba.