Tasoshin tagulla na sarakunan da: daga Durɓi Takusheyi zuwa ƙasar Sin

Durɓi Takusheyi tsohuwar maƙabartar sarakuna ce kusa da Mani, gabas da birnin Katsina. An fara haƙa kushewunta a 1907, aka sake a 1992. Cikin kayan da aka binne tare da mamatan akwai tasoshin tagulla, mundaye, zinariya da wuri. Masana na ganin fatake ne suka ratso Sahara da ɗaya daga cikin tasoshin, daga ƙasashen Larabawa.

Sarakunan daular Shang ta ƙasar Sin su ma da kayan tagulla ake binne su, sai dai a gida ake ƙera nasu. Fitacciya ita ce tukunyar "ding", wadda ake miƙa wa kakanni naman hadaya a cikinta.

Mafi nauyinsu, Houmuwu, tana da ƙafa huɗu da nauyin kilo 832, ta haura shekara 3,000. Ƙauyawa suka tono ta kusa da Anyang a 1939, suka sake binne ta don kada sojojin Japan su ƙwace. An fito da ita a 1946, yau tana gidan tarihin ƙasa a Beijing.