Hukuncin Rage Kayan da Suka Cika Gida: Wanne Za a Ajiye, Wanne Za a Bayar?

Tambaya

Ni mace ce daga garin Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal. Innarmu ta rasu shekara biyu ke nan, ɗakinta yana nan a rufe yadda ta bar shi: jeren kwanoni da kwalla, akwatunan zannuwa, gado, da 'yan kunnenta na zinariya. Akwai kuma adaka biyu na littattafan Babanmu, wanda ya riga ta rasuwa. Mu biyar ta bari, maza biyu mata uku. Ɗaya daga cikin mazan ya rasu bara, ya bar mata da ƙananan yara, ƙanwata kuma tana aure a Kebbe. Yanzu rufin yana yoyo, gara ta shiga. Ina so in kwashe kayan in yi wa Inna sadaka da su, in zubar da waɗanda suka lalace. Nawa ɗakin ma ya cika da kayan da ban taɓa amfani da su ba tun aurena. Shin wannan ya halatta? Kuma tara kaya haka zunubi ne?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya jiƙan mahaifanku da ɗan'uwanku.

'Yar'uwa, kafin ki tambayi kanki ko kina bukatar abu, ki fara tambaya: na wane ne? Tambayarki ta ƙunshi ɗakuna biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A naki ɗakin kina da wuƙa da nama. A ɗakin mahaifiyarku kuwa, ke mai tsaron amana ce kawai.

Daga lokacin da ta cika, duk abin da ta mallaka ya zama dukiyar gado, tun daga zinariya har ludayi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaikh Khalil, sun jera haƙƙoƙin da ake fitarwa bi da bi: abin da haƙƙin wani ya rataya a kansa kamar jingina, sai kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Idan iyayenta ba su da rai lokacin rasuwarta, za a kasa abin da ya rage kashi 7: kowane namiji 2, kowace mace 1. Kashi biyun ƙaninki ko yayanki da ya rasu bayanta ba su faɗi ba. Ya riga ya gaje ta, rabonsa ya koma ga matarsa da 'ya'yansa. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ɗaki dukiya ce da marayu suke da haƙƙi a cikinta, kuma kin san gargaɗin da Allah ya yi a Suratun Nisa'i, aya ta 10, a kan cin dukiyar maraya. Babba mai hankali zai iya yafe rabonsa a yi sadaka da shi. Yaro ba zai iya ba, mai kula da shi ma ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsa, ko da uwarsa ce.

Saboda haka bai halatta ki yi sadaka da kayan kafin rabo ba, komai kyan niyyarki. Kyautatawa ga mahaifiya da kike nema tana nan: idan an raba, ki yi mata sadaka da naki kason. Sa'ad bin Ubada, Allah ya yarda da shi, da mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, gonarsa ta kansa ya bayar a madadinta bayan ya tambayi Annabi (SAW), kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa, wai kayan ɗaki na 'ya'ya mata ne, gona da gida na maza. Wannan ba rabon Allah ba ne. Maza suna da haƙƙi a kwanoni, mata suna da haƙƙi a gona. Abin da ya halatta shi ne a yi wa komai kuɗi, sannan manya su daidaita bisa yarda, wance ta ɗauki jere, wane ya ɗauki wani abu da ya kai ƙimarsa, a cika wa wanda nasa ya gaza. Haka nan idan Inna ta taɓa cewa "wannan kwalla ta wance ce" amma wancen ba ta karɓa ba har Inna ta kwanta ciwon ajali, to a mazhabar Malik kyautar ba ta cika ba, kayan sun koma gado. In kuwa cewa ta yi "idan na mutu a ba wance", wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda.

Barin ɗakin a rufe ma ba mafita ba ne. Hadisin Mugira bin Shu'uba da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah ya ƙi, kuma zanen da gara ta ci ba wanda ya amfana da shi, mai rai ko mamaci. Ki sanar da yayanku ko ƙanenku da ya rage, da ƙanwarki ta Kebbe, da mahaifiyar marayun. A buɗe ɗakin gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da ke ciki, a kira dillaliya mai amana ta yi wa kwanoni da zannuwa kuɗi, a kai zinariya wurin maƙerinta a auna. Sai malamin da ya san gado ya raba, ko alƙalin kotun shari'a idan an samu saɓani. Kafin ranar, kina iya mayar da kayan wani ɗaki busasshe don tsare su, wannan ba ya bukatar izinin kowa. Abin da ya ruɓe har ba shi da ƙima ko ta sisi, a nuna wa sauran a zubar. Kwanon da ya hude kuwa 'yan gwangwan suna saya, kuɗinsa gado ne. Idan dangi marasa gado da mabukata sun halarci rabon, a ba su ɗan wani abu daga kason manya, kamar yadda aya ta 8 ta surar ta kwaɗaitar.

Ki lura kuma, ɗakin tsohuwa ma'ajiyar unguwa ne. Ba mamaki a samu fantekar maƙwabciya da aka ara ranar suna, ko kuɗin adashe a ƙasan kwalla, ko kayan da wata take tara wa ɗiyarta. Waɗannan a mayar wa masu su ko magadansu. Wanda aka yi cigiya aka rasa mai shi, a yi sadaka da shi da niyyar mai shi, bisa sharaɗin in ya bayyana bai yarda ba za a biya shi.

Littattafan mahaifinku gado ne dabam, na dukiyarsa, kuma mahaifiyarku ma tana da tumuni a ciki tunda ta rayu bayansa. Muna roƙonku kada ku yi gaggawa da su. Yankinku na tsakanin Sakkwato da Gwandu ƙasa ce da aka daɗe ana kwafar littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (ya rasu 1817) da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da hannu, kuma warwatsattsun takardu a cikin gafaka da kike gani kamar shara suna iya zama kwafin da ba shi da na biyu. A nuna wa malami ya tantance. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Littafin da aka rubuta wakafi a bangonsa, ko na aro, a mayar da shi inda ya fito. Sauran in magada sun yarda a ba ɗalibai. Mus'hafin da ya yage har ba ya karantuwa, da duk takarda mai ayoyi ko sunan Allah, ba a jefa su juji, ba a bai wa mai ƙosai ya yi ƙunshi. A ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a naɗe su a tsumma mai tsabta a binne inda ba a takawa. Halifa Usman bin Affan ya yi umarni a ƙone sauran kwafe-kwafe bayan ya haɗa mutane a kan mus'hafi ɗaya. Takardun gona, na gida, da na bashi kuwa ko sun yi baƙi sun tsufa, a ajiye.

Mu koma naki ɗakin. Mallakar kaya na halal, ko da sun yi yawa, ba zunubi ba ne a kan kansa. Bukhari ya ruwaito daga Umar cewa Annabi (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara, don haka mai cika rumbu da gero da dawa har wata kaka bai saɓa wa tawakkali ba. Abin zargi shi ne tarawa don gasa da alfahari. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ƙidaya shimfiɗar miji da ta mata da ta baƙo, ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan, kuma Imam Nawawi ya yi bayanin cewa ana nufin abin da ya wuce bukata aka tanada don taƙama. Ki lura an ƙidaya baƙo cikin bukata. Babbar tukunyar da ba ta hawa murhu sai ranar biki ko sadakar mamaci, wadda maƙwabta ke ara, ba shirgi ba ce, Suratul Ma'un ma zargin masu hana irinta ta yi. Amma kwanoni jeri biyar da aikinsu kawai a sauko da su a goge a mayar, alhali marainiya a layinku an ɗaga bikinta don rashin kayan ɗaki, mu dai muna ganin fitar da su ya fi miki.

Babu zakka a kayan amfanin gida, ko sun cika ɗaki. Tukwanen da ake kira silba sanholo ne, ba azurfa ba. Zinariyar ado da kike sawa ita ma babu zakka a kanta a Malikiyya, amma wadda aka ɓoye don ranar bukata, idan ta kai nisabi, dinari 20, kimanin giram 85, ta shekara, za a fitar da ɗaya cikin arba'in. In kin sayar da kayan ɗakinki, kuɗin sai ya shekara a hannunki daga ranar da kika karɓa, kuma ya kai nisabi, kafin zakka ta hau kansa.

Wata mas'ala da mata da yawa ba su sani ba: kayanki naki ne, miji ba shi da ikon sayarwa ko bayarwa. Sai dai a mazhabar Malik, idan matar aure za ta yi kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarta baki ɗaya, mijin yana da ikon hanawa. Hanafiyya da Shafi'iyya ba su sa wannan sharaɗi ba. Ki shawarci maigidanki ki fita daga saɓani. Kuma ki tabbata abin da za ki fitar naki ne, ba na abokiyar zama ko na 'ya'yanki ba.

Abin da za ki bayar ya zama wanda in ke aka ba za ki karɓa ba tare da kau da kai ba, wannan shi ne abin da Suratul Baƙara, aya ta 267, ta koyar. Tsohon zane mai ƙwari a wanke a bayar, akwai mai so. Wanda ya zama tsumma a yi shara da shi, kada a kira shi sadaka. Maganin da wa'adinsa ya wuce, da jarkar maganin feshi ta gona, ba a bai wa kowa su, domin wani zai sha, wani zai zuba ruwan sha a ciki. A huda jarkar yadda ba za ta ƙara ɗaukar ruwa ba, a binne ta nesa da rijiya.

Allah ne mafi sani.