Hanyar A7 ta Jamus: daga burtalin shanu zuwa gindin duwatsun Alp

Rannan da dare muna fada, ana jiran shayi na biyu, hira ta gangaro kan ramukan hanya kamar yadda ta saba. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana ɗauko motoci daga Kwatano, ya dube ni ya ce: "Mushe, ku faɗi duk abin da za ku faɗa a kan Hitler a lokol ɗinku, amma shi ya shimfiɗa wa Jamusawa hanyoyin nan da duniya ke sha'awa. Ƙasa sai da mai ƙarfin hannu." Na ce masa, "Alhaji, ba haka zancen yake ba." Ya yi dariya, aka wuce. Abin da ya hana ni barci shi ne ɗana, wanda ke shirin jarabawar BEPC, yana zaune a gefe yana gyaɗa kai, ga shi Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin karatunsu na bana. Maganar fada ta fi ta aji saurin shiga kan yaro, duk malami ya san haka. Shi ya sa na ɗauki hanya guda daga cikin hanyoyin, wadda ta fi kowace tsawo, na bi ta daga kai har wutsiya don a ga wa ya gina me, kuma yaushe.

Sunanta A7. Tsawonta kilomita 962, wato ta ɗara tafiyar Yamai zuwa Damagaram. Ta tashi daga iyakar Danmak kusa da garin Flensburg, ta tsaga ƙasar gida biyu daga arewa zuwa kudu, ta ƙare a Füssen, bakin iyakar Ostiriya. A tsakani ta bi ta Hamburg, Hannover, Göttingen, Kassel, Fulda, Würzburg, Ulm da Kempten, ta taɓa jihohi 6. Ga wata ƴar dabara ga mai koyar da taswira: a Jamus manyan hanyoyin da lambarsu mara ce, kamar 3, 5, 7 da 9, galibi daga arewa zuwa kudu suke tafiya, masu lamba cika kuwa daga gabas zuwa yamma.

A can arewa, tun kafin a san mota, akwai turba a wurin. Daga tsakiyar Danmak ake koro shanu, dubun-dubata a shekara a ƙarni na 16 da na 17, ana bi da su ta tudun da ke tsakiyar ƙasar don a kauce wa fadamun da ke gaɓar teku, har kasuwar Wedel kusa da Hamburg. Jamusawa na kiran turbar Ochsenweg, ma'ana hanyar shanu. Burtali ke nan, ba wani abu ba. Jirgin ƙasa ne ya kashe shi a ƙarni na 19, amma da injiniyoyi suka zo neman inda kwalta za ta zauna, ba su yi nisa da sawun kofato ba. Wannan yanki kuwa daga Hamburg zuwa iyakar Danmak sai a 1978 aka gama shi, Hitler na da shekara 33 a ƙasa.

A Hamburg hanyar tana nutsewa ƙarƙashin kogin Elbe, cikin rami mai tsawon fiye da kilomita 3, wanda aka buɗe a watan Janairun 1975. Sama da motoci 100,000 ke bi ta cikinsa kullum. Da an fito ta kudu, ga tashar jiragen ruwa nan, kwantena bisa kwantena. Nan ne muke da ɗan rabo a labarin: daga wannan tasha ake lodin tsofaffin motoci masu yawa zuwa Afirka ta Yamma, su sauka Kwatano ko Lome, wasunsu su ƙaraso Maraɗi. Wata motar da Alhaji ya taɓa tuƙowa, mai yiwuwa tafiyarta ta ƙarshe a Turai a kan A7 ta yi ta.

To, ina tunanin ya samo asali? Italiya na cikin waɗanda suka fara. A 1924 injiniya Piero Puricelli ya buɗe hanyar motoci zalla daga Milan zuwa Varese. Jamusawa suka gani suka yi sha'awa, a watan Nuwamban 1926 wasu magadan gari, injiniyoyi da ƴan kasuwa suka kafa ƙungiya a Frankfurt mai suna HaFraBa, daga farkon sunayen Hamburg, Frankfurt da Basel. Burinsu hanya guda daga bakin teku zuwa iyakar Siwizalan. Sun auna ƙasa, sun zana gadoji, sun yi lissafin kuɗi, sai dai kuɗin ne babu, musamman bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929. Rabin A7 na arewa, daga Hamburg zuwa bayan Kassel, a kan zanensu yake. A lokacin, cikin jam'iyyar Hitler ta Nazi akwai masu zagin shirin, suna cewa hanyar masu kuɗi ce.

Akwai kuma wadda aka gina aka gama kafin ya hau mulki. Ranar 6 ga Agustan 1932 magajin garin Kolon, Konrad Adenauer, ya buɗe hanya mai layi huɗu, ba mararraba, mai kusan kilomita 20, daga Kolon zuwa Bonn. Da ƴan Nazi suka karɓi mulki a 1933 sai suka tsige Adenauer, suka rage wa hanyarsa matsayi zuwa hanyar karkara, don ya zama tasu ce ta farko. Ranar 23 ga Satumban 1933 Hitler ya ɗauki shebur a Frankfurt gaban masu ɗaukar hoto, a watan Mayun 1935 aka buɗe yankin Frankfurt zuwa Darmstadt. Zanen na HaFraBa ne, ƙungiyar kuma an riga an haɗiye ta. Wani ya yi noma, wani ya zo da kalangu ranar girbi.

Ban ce ba su gina komai ba, kada a ce Mushe ya rufe ido. Kafin yaƙi ya tsayar da aikin sun shimfiɗa wajen kilomita 3,800 a faɗin ƙasar ƙarƙashin Fritz Todt, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma a kan A7, babban abin da suka gama shi ne yankin Göttingen zuwa Kassel zuwa kusa da Bad Hersfeld, a 1937 da 1938, kilomita ɗari da ɗan wani abu daga cikin 962. Abin dariya, shi ne yankin da direbobin manyan motoci suka fi tsana har yau. Suna kiransa tuddan Kassel. Masu zanen wancan lokaci sun so matafiyi ya riƙa hawa yana gangarowa yana kallon kyan ƙasar Jamus, kuma sun guji kuɗin manyan gadoji da ramuka. Sai hanyar ta riƙa hawa har mita 8 a cikin kowace mita 100. Tirela mai kaya tana rarrafe a hawa, birki na ɗaukar zafi a gangara, idan ƙanƙara ta sauka kuma sai a yi ta kwana a hanya.

Sai maganar aikin yi, wadda ita ce ginshiƙin tatsuniyar. A farkon 1933 marasa aiki a Jamus sun kai miliyan 6. Ma'aikatan hanyoyin, a lokacin da suka fi yawa a 1936, wajen 125,000 ne. Ɗan aji shida ma zai iya wannan lissafi a allo: mutum 2 ke nan cikin 100. Masana'antun makamai da shiga soja dole su ne suka kwashe mafi yawan sauran. Ma'aikatan na kwana a sansanoni nesa da iyali, albashi kaɗan, ƙungiyoyin ƙwadago an rushe su, wanda ya ɗaga murya kuma ƴan sandan ciki na jiransa. Da yaƙi ya ɓarke aka koma sa fursunonin yaƙi da Yahudawa aikin tilas. Motocin da za su bi hanyar ma babu su a hannun talaka. Fiye da mutum 300,000 suka riƙa zuba maka 5 kowane mako, kamar adashi, don a ba su ƙaramar motar da gwamnati ta yi alkawari, ba wanda ya karɓi mota, masana'antar ta koma ƙera motocin soja. Sojojin kansu da jirgin ƙasa aka fi kwasarsu. A 1943 hanyoyin sun zama fayau har aka yarda masu keke su hau.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana tsakanin Fulda da Würzburg. A 1937 aka fara wani yanki mai kusan kilomita 70, ana kiransa Strecke 46, wato layi na 46. Aka sare daji, aka gina gadoji da magudanan ruwa da dama, yaƙi ya zo aka watsar. Bayan yaƙi injiniyoyi suka duba suka ga hawansa ya yi tsanani, kwanoninsa sun matse, suka ja sabon layi ta gabas, aka buɗe shi a 1968. Tsohon yana nan cikin daji har yau: gada ba hanya a kanta, itatuwa sun tsiro inda aka so motoci su bi, wani ginshiƙi tsaye shi kaɗai a kwarin kogi, masu wasan hawan dutse ke koyo a jikinsa. Ko abin da aka gama ɗin ma bai tsira ba, don babbar gadar kogin Werra da ke tsakanin Göttingen da Kassel sojojin Jamus da kansu suka tarwatsa ta a 1945 suna ja da baya, sai a 1952 aka sake tayar da ita.

Abin da ya mai da A7 ƙashin bayan ƙasa shi ne rabuwar Jamus. Hanyoyin zamanin Nazi da yawa Berlin suka nufa. Da aka raba ƙasar bayan 1945, iyaka ta datse su, Jamus ta Yamma ta zama doguwa siririya, kaya daga tashar Hamburg zuwa kudu dole su bi ta cikin gida. Nan aka dage. A farkon shekarun 1960 aka haɗe Hamburg da Hannover da Göttingen, a 1968 aka isa Würzburg, a 1987 aka cike giɓin Würzburg zuwa Ulm. Adenauer ɗin nan da aka tsige, shi ne shugaban gwamnati daga 1949 zuwa 1963, lokacin da aka yi babban ɓangaren aikin arewa.

Hanyar ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da iyakar gabas na tsawon zango. Kudu da Göttingen akwai ƙauyen Friedland, inda yankunan mamayar Ingila, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka haɗu. A Satumban 1945 Ingilishi suka buɗe sansanin karɓar ƴan gudun hijira a wurin, kuma daga lokacin sama da mutum miliyan 4 sun ratsa ta cikinsa. Ta nan fursunonin yaƙi na ƙarshe, kusan 10,000, suka dawo daga Rasha bayan tafiyar Adenauer Mosko a 1955, shekara goma da gama yaƙin da mai shebur ya jawo. Gabas da Fulda kuma akwai wata kafa tsakanin tuddai da sojojin ƙawancen NATO ke tsammanin ta nan tankokin Sobiyet za su kwararo idan yaƙi ya tashi. Saboda irin wannan tsoro aka miƙe wasu yankunan A7 sambal, aka shafe tsakiyarsu da kankare, don jirgin yaƙi ya iya sauka idan an lalata filayen jirage.

Wutsiyar ita ta fi wahalar da su. Ramin da ya ratsa dutse zuwa Ostiriya an buɗe shi a 1999, amma ƴan kilomitocin da ke tsakanin Nesselwang da Füssen suka maƙale shekara da shekaru, mutanen ƙauyuka da masu kare fadamu suna kai gwamnati kotu, ana gyara zane ana sakewa. Sai a Satumban 2009 aka buɗe su. Daga yankin farko na 1937, shekara 72 ke nan. A Füssen ɗin ma tsohon sawu aka tarar, don ta nan hanyar Rumawa mai suna Via Claudia Augusta ta bi tun ƙarni na farko, tana haye duwatsun Alp zuwa Italiya.

Kuma ba a gama ba, don hanya ba ta gamuwa. Gadar da ta haye mashigin ruwan Kiel kusa da Rendsburg, mai kusan mita 1,500, an buɗe ta a 1972, a 2013 aka gano ginshiƙanta sun rube, aka hana manyan motoci hawa na wasu watanni, yanzu sabuwa ake ginawa a gefenta. A Hamburg an rufe wasu yankunan hanyar da rufin kankare saboda ƙarar motoci ta hana unguwanni sakat, aka yi lambuna a bisa. Tun Janairun 2005 manyan motoci ke biyan kuɗin hanya gwargwadon kilomitan da suka ci, ƙananan motoci kuwa ba sa biya.

Na koma wa Alhaji da wannan duka, har da taswirar da na zana a bayan wata tsohuwar takardar jarabawa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai abin da ya ji daga bakin direbobi ya faɗa, sannan ya tsaya a kan maganar adashin mota yana ta jinjina kai, ya ce wannan ko a tasha ba a yi wa mutum haka. Ɗana ya karɓi takardar ya kwafe garuruwan a littafinsa, ya rubuta shekara gefen kowane yanki: 1978, 1975, 1937, 1968, 1987, 2009. Ya ce zai kai wa malaminsu na tarihi ranar Litinin.