Yadda Zaɓin Harhaɗawa Ya Samu Gurbi a Ƙunshin Manhaja

Kamfanin da ya rubuta manhajarsa ta cikin gida yakan ci karo da wata matsala ranar da zai ƙunshe ta don girkawa a kwamfutocinsa. Manhajar tana dogara da laburaren da wasu suka rubuta, kuma ba kowace irin harhaɗawa ta laburaren za ta yi mata aiki ba. Wataƙila tana son curl da aka haɗa da OpenSSL, ko HDF5 mai aiki da MPI. Suna da lambar siga ba sa faɗin wannan. Shekaru da dama aka kwashe kafin masu ƙera kayan ƙunshe manhaja su yarda cewa zaɓin da aka yi lokacin harhaɗawa yana cikin abin da ke bambanta wannan laburare da wancan.

Tushen lamarin yana cikin Unix. A 1976 a Bell Labs Stuart Feldman ya rubuta Make, wadda take bin umarnin da aka rubuta mata ta mayar da rubutun tushe manhaja mai aiki. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf ta aikin GNU, inda mai harhaɗawa yake kunna wani sashe ko ya kashe shi da ɗan umarni guda. 'Yanci ne babba, amma zaɓin yana zama ne a kan wanda ya buga umarnin. Idan ya bar aiki, ilimin ya tafi da shi.

Da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, Red Hat kuma ta fito da RPM a shekarun da suka biyo baya, sai aka ɗauki wata hanya: a harhaɗa sau ɗaya, a raba wa kowa. Mai kula da ƙunshin shi ke zaɓa a madadin jama'a. Inda zaɓi ɗaya ya kasa gamsar da kowa, sai a ƙara sunaye. Shi ya sa Debian take da vim-tiny da vim-nox, da curl iri biyu, ɗaya na OpenSSL ɗaya na GnuTLS. Dabarar tana da iyaka, domin zaɓi 10 na e ko a'a kaɗai suna haifar da haɗi 1,024, kuma babu mai sa kai da zai kula da wannan adadi. Kamfanin da buƙatarsa ta faɗa wajen abin da aka tanada sai ya harhaɗa nasa a gefe, ya ajiye a wani lungu na kwamfutar da manajan ƙunshi bai san da shi ba.

Wasu kuwa tun farko sun ƙi rabuwa da rubutun tushe. Jordan Hubbard ya fara tsarin Ports na FreeBSD a 1994, sannan Gentoo ta Daniel Robbins, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2002, ta kawo tutocin USE na kunna zaɓi ko kashe shi. Muhimmin mataki, a ganina, shi ne na 2008, lokacin da Gentoo ta ba ƙunshi damar cewa yana buƙatar laburare kaza amma sai wanda aka kunna masa tuta kaza. Abin da a da yake a kan mutum ɗaya ya koma rubutaccen sharaɗi da kwamfuta take dubawa da kanta. Eelco Dolstra ya wuce nan da Nix, wadda ya fara a 2003 ya kuma yi digirinsa na uku a kanta a Jami'ar Utrecht a 2006: kowane ƙunshi yana samun adireshi da aka lissafa daga duk abin da ya shiga harhaɗa shi, har da zaɓuɓɓukan, don haka iri biyu na laburare ɗaya suna zama a kwamfuta guda ba rikici. Spack, wadda Todd Gamblin ya fara a 2013 a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka, ta kai irin wannan tunani ga manyan kwamfutocin kimiyya.

Za a ce Docker, da ta fito a 2013, ta kashe maganar: a zuba manhaja da laburarenta a kwantena ɗaya, a huta. Gaskiya ne kwantena tana hana rikici da sauran manhajoji, sai dai wani ne zai harhaɗa abin da ke cikinta, kuma nauyin gyara ya koma wuyansa. Da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL a Afrilun 2014, masu amfani da laburaren da tsarinsu ya raba sun sabunta ƙunshi ɗaya, masu kwafi na kansu kuwa sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya, in ma sun san inda suke. Za a kuma ce harhaɗawa daga tushe tana cin lokaci. Tana ci, amma Nix da Spack duka suna ajiye abin da aka riga aka harhaɗa don a sake ɗauka.

Kamfanin da manhajarsa take buƙatar wani zaɓi na musamman, ya rubuta zaɓin a cikin bayanin ƙunshin, ya ajiye bayanin tare da rubutun tushe, ya kuma naɗa wanda zai riƙa bin sanarwar tsaro ta kowane laburare da ya harhaɗa da kansa.