Hukuncin Haɗa Kai da 'Yan Sanda Wajen Tsaron Unguwa da Kai Rahoton Mai Laifi

Tambaya: Malam, mu mazauna yankin Yako ne a ƙaramar hukumar Kiru. Muna fita sintirin dare tare da 'yan banga, kuma mai unguwa yakan haɗa mu zama da 'yan sanda. Wasu suna cewa kai sunan maƙwabci ofishin 'yan sanda annamimanci ne da tona asirin Musulmi. Wasu kuma suna cewa tunda ana kama ɓarawo yau gobe a gan shi a kasuwa, gara mu hukunta shi da kanmu. Mene ne daidai?

Amsa: Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Haɗa kai da hukuma domin kare rayuka da dukiyoyi halal ne, kuma yakan zama wajibi a kan jama'ar gari idan ba a iya tunkuɗe cutar sai da shi. Allah Maɗaukaki ya yi umarni a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, ya hana taimakon juna a kan saɓo da ƙetare iyaka. Gadin dare kuwa yana da asali a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A) ya ɗauki makaminsa ya kwana yana gadin Annabi (S.A.W) a Madina, Tirmizi kuma ya ruwaito bushara da tsira daga wuta ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Sayyidina Umar (R.A) ma an san shi da zaga Madina cikin dare yana duba halin jama'a.

Buƙatar hakan a yankinku ba ɓoyayyiya ba ce. Dajin Falgore, wanda ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa, ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Ɗan sandan da aka turo daga wani gari bai san hanyoyin gona ba, bai san wane ne baƙo ba, bai san gidan da ake sayen buhun shinkafa da man fetur fiye da bukatar masu gidan ba. Mutanen gari ne suka san wannan. Shi ya sa rundunar 'yan sanda ta kafa kwamitin hulɗa da jama'a, wato PCRC, tun 1984, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaro na al'umma. Tsarin mai unguwa da dagaci da hakimi ya riga duk waɗannan, kuma har yanzu shi ne ƙofar da labari ya fi saurin bi.

Shin kai rahoto annamimanci ne?

A'a. Annamimanci shi ne ɗaukar magana tsakanin mutane domin a ɓata tsakaninsu. Sanar da hukuma domin a dakatar da cuta nasiha ce. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, a cikinsu akwai kai ƙara wurin mai iko, da neman taimako wajen gusar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi daga sharri.

Batun rufin asiri shi ne inda mutane suka fi ruɗewa. Gaskiya ne hadisi ya kwaɗaitar da suturta Musulmi. Amma malamai, har da Nawawi a sharhin Sahihu Muslim, sun bayyana cewa suturar ta wanda ba a san shi da cutarwa ba ce, wanda ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya shahara da ɓarna, rufa masa asiri ƙara masa ƙarfin gwiwa ne, abin so shi ne a kai lamarinsa ga hukuma. Yaron da ya ɗebi damin dawa sau ɗaya, ya yi nadama, iyayensa suka biya, wannan ana iya kashe maganarsa a zauren mai unguwa. Amma mai kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu ko amfanin gona, ko mai kai musu abinci da mai, ko dillalin ƙwaya, shiru a kansa tarayya ce cikin laifin. Hadisi ingantacce ya la'anci wanda ya ba mai aikata ta'asa mafaka, aya ta 283 ta Suratul Baƙara kuma ta siffanta mai ɓoye shaida da cewa zuciyarsa mai zunubi ce. Ko da ɗanka ne ko ƙaninka, hana shi zalunci shi ne taimakon da Annabi (S.A.W) ya ce a yi wa azzalumi.

Sai dai rahoto yana da sharaɗi. Ka faɗi abin da ka gani ko ka ji da kunnenka, ka bambance shi da abin da kake zato. Suratul Hujurat ta yi umarni da tantance labari a aya ta 6, ta hana yawan zato da bin diddigin sirrin mutane a aya ta 12. Bai halatta a leƙa gidan mutum ba tare da alama bayyananniya ba. Mafi muni shi ne a yi amfani da 'yan sanda ko 'yan banga wajen rama gayyar rikicin gona ko gado ko siyasa. Haka nan ba a tuhumar mutum don kawai shi Bafulatani ne ko baƙo ne. Makiyaya su ne suka fi kowa asarar shanu a hannun ɓarayi, don haka ya kamata a sa arɗonsu cikin kowane zama na tsaro.

Ɗaukar doka a hannu

Wannan haramun ne. Malamai sun tabbatar da cewa zartar da haddi da sauran uƙubobi hakkin shugaba ne da alƙalin da ya naɗa, bayan shaida ko iƙirari. Ihun "ɓarawo" ba shaida ba ne. Wanda ya doki wanda ake zargi har ya mutu, jinin yana wuyansa, ko da daga baya an tabbatar da satar.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A Zamfara, kashe mutanen da ake zargi ba tare da shari'a ba da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi yana cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya. A ƙarshen Maris na 2025 kuma, aka tare wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida bikin Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, nan kusa da ku. Waɗanda suka yi hakan su ma cewa suka yi suna tsare garinsu ne.

Iyakar ɗan sintiri ita ce ya sa ido, ya sanar, ya kama wanda ya samu cikin laifi da gwargwadon ƙarfin da ya zama dole, sannan ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Kare kai daga wanda ya kawo hari halal ne, amma da zarar an ɗaure mutum, dalilin dukansa ya ƙare.

Ƙorafin sakin masu laifi kuwa, wani lokaci da gaskiyarsa, cin hanci kuma babban zunubi ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Amma a sani cewa tsarin mulkin Najeriya ya wajabta gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotun, kuma beli ba wanke mutum ba ne. Sau da yawa shari'a tana rushewa ne saboda waɗanda suka yi kamun sun ƙi zuwa ba da shaida. Ku riƙa miƙa wanda kuka kama a gaban shaidu, ku rubuta rana da sunan jami'in da ya karɓa, ku bi shari'ar har kotu. In kun ga ba daidai ba, ku kai kuka ga DPO ta hannun dagaci ko hakimi ko kwamitin PCRC, in bai yi ba ku wuce gaba. Wanda yake tsoron a gane shi ne ya kai labari, ya isar da shi a asirce ta hannun limami ko mai unguwar da ya amince da shi, kuma amana ce a kansu kada su ambaci sunansa.

Allah ne Mafi sani.