Daga Rajista Zuwa Gado: Asalin Sunan Iyali a Ƙasar Hausa, da Misali Daga Yauri ta Matamaye

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi yadda suna na biyu ya shigo wa Bahaushe. Ta nuna cewa takardar hukuma ce ta haife shi, kuma iyakar da ta raba Damagaram da Daura ta raba shi gida biyu: sunan gari a Nijeriya, sunan uba a Nijar. An auna wannan da abin da ya faru a Ingila da Ailan.

Suna kafin zuwan takarda

A Yauri, ƙaramar hukumar karkara da ke yankin Matamaye cikin jihar Damagaram, ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna, kamar ko'ina a ƙasar Hausa. Liman ya yi addu'a, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Suna ɗaya ake raɗawa, shi ne sunan yanka. Sauran duk rayuwa ce ke kawo su. Uwar da ke alkunyar sunan surukinta sai ta ce Maigida ko Baba. Wanda aka haifa bayan mata ya zama Tanko, wadda ta biyo maza ta zama Kande, haihuwar Lahadi ta ba da Ɗanladi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ɗa ke gada. Asali kuwa a fuska ake karanta shi, ta tsagar gado, ko a sana'ar gida, ko a bakin maroƙi. Idan ana son bambancewa sai a jingina mutum ga ubansa, kamar yadda ake cewa Tanimun ɗan Sulaiman, sarkin Damagaram da ya rasu a 1884.

Ingila da Ailan

Turawan da suka kawo mana tsarin sunan iyali su ma ba da shi suka tashi ba. A Ingila sunan gado ya fara yaɗuwa bayan mamayar Normawa ta 1066, bai kuma game talakawa ba sai wajen 1400. Ailan ta riga ta: tun ƙarni na 10 ana jingina zuriya ga uba da Mac, ga kaka da O, har gidan O'Brien ya ɗauki sunan sarki Brian Boru da aka kashe a 1014. Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne dokar 1465, wadda ta tilasta wa 'yan Ailan mazauna yankin Dublin ɗaukar suna irin na Ingilishi, daga gari, ko launi, ko sana'a. Ashe tun can mai mulki ke da buƙatar suna tsayayye, domin haraji da shari'a.

Iyaka ɗaya, hanya biyu

Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta shata iyakar yankunan mulkin Faransa da na Ingila, ta bar Matamaye a arewa, Daura a kudu. Mutanen da ke auratayya da cin kasuwa ɗaya suka faɗa hannun magatakarda iri biyu.

A kudu, makaranta ce ta yi aikin. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta tara yara daga larduna dabam-dabam, aji ya cika da Muhammadu da Abubakar, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu. Sardauna Ahmadu Bello, Ahmadu Raba yake a rajista. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano suka samu nasu. A ganina alkunya ta taimaka ƙwarai wajen karɓuwar wannan hanya: yaron da aka hore shi da kada ya ambaci sunan mahaifinsa, ya fi masa sauƙi ya amsa sunan gari kowace safiya a gaban malami.

A arewa kuwa, lekol, wato makarantar boko, da ofishin kumandan sunan uba suka nema, suka kuma rubuta shi da ƙa'idar Faransanci. Umaru ya koma Oumarou, Yusufu ya koma Issoufou. Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram da ya shugabanci Nijar daga 1993 zuwa 1996, misali ne na wannan siga. Shi ya sa ɗan Yauri ta Matamaye ba kasafai yake ɗaukar sunan garinsu a takarda ba. In ka ji ana kiran wane Yauri a Nijeriya, hankali Yawurin jihar Kebbi yake tafiya.

Sai dai sunan uba ba ya zama wuri ɗaya. A ɗauka Isa ɗan Musa ya je gidan magajin gari neman takardar haihuwar ɗansa Sani. Shi Issa Moussa ne a katinsa, yaron kuma za a rubuta Sani Issa. Jika na zuwa, Musa ya ɓace daga takarda. Ga mai binciken tarihin zuriya wannan babban cikas ne, domin dole ya bar ofis ya koma wurin dattawa.

Inda suna ya tsaya

Akwai gidajen da sunansu ya kafu har ya zama gado, kuma ba banza ba. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, ya samo laƙabinsa daga Tata, matar da ta raine shi. Dukiya da kamfani suka riƙe sunan, ya sauka kan Sanusi da Aminu, ya wuce ga jikoki. 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina, amma daga Musa 'Yar'aduwa zuwa 'ya'yansa Shehu da Umaru ta zama sunan gida. A duka biyun, sai da sunan ya zama abin da ake cin moriyarsa sannan aka riƙe shi.

Yanzu fasfo da katin ɗan ƙasa da asusun banki suna matsa wa manomin Yauri irin lambar da a da 'yan boko kaɗai suka sani. Ɗan ci-rani da aka rubuta Mahamadou a Damagaram, Muhammad a Kano, yana iya rasa kuɗin da aka aiko masa saboda bambancin 'yan haruffa. Ya kamata masu nazarin harshe a Jami'ar André Salifou da Jami'ar Bayero su zauna tare su fitar da jadawalin daidaita rubutun sunayen nan, su miƙa wa hukumomin rajista na ƙasashen biyu.